Agogon Njamena, Ranar Kabi: Yadda Barci ke Kuɓuce wa Ɗaliban Kwarin Rima

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Birnin Kebbi yana da ɗan'uwa a Maiduguri ya san zolayar nan: mutumin Borno zai bugo waya baki cike da dabino, na Kabi kuwa yana zaune gaban kwanon kunu, rana ba ta gama faɗuwa ba. Tazarar takan kai minti 36. Amma agogo ɗaya ƙasar nan take bi tun daga Kamba har Gamboru, kuma an saita shi ne a kan layin digiri 15 na gabas, layin da bai ma taɓa ƙasar Nijeriya ba, ta kan Njamena babban birnin Chadi ya ratsa. Birnin Kebbi tana kan digiri 4 da ɗoriya, Argungu ma kusan haka, kuma kowane digiri ɗaya minti huɗu ne na tafiyar rana. Ke nan idan agogo ya ce sha biyu a kwarin Rima, ita ranar da sauranta kimanin minti 43 kafin ta daidaita a tsaka.

Wannan lissafi ya shafi ɗan makaranta fiye da yadda ya shafi mai duban wata. A Janairu rana ba ta ɓullowa a Birnin Kebbi sai bakwai ta gota, alhali bakwai da rabi ake son ganin yaro tsaye a layi, cikin hazo, yana karkarwar ɗari. A Yuni da Yuli kuwa sai bakwai ta wuce ake kiran magariba, lisha ta doshi takwas da rabi, sannan a ci tuwo, a taɓa hira, a nemi shimfiɗa. Salla da girki da hira duk rana suke bi. Ƙararrawar makaranta kuwa agogo take bi, ba ruwanta da inda rana take. Giɓin da ke tsakani, da barcin yaro ake cike shi.

Wani masanin tattalin arziki, Maulik Jagnani, ya bi diddigin irin wannan a Indiya, wadda ita ma duk faɗinta agogo ɗaya take bi. Ya tarar a inda rana ke jinkirin faɗuwa yara suna jinkirin kwanciya, amma lokacin tashinsu bai motsa ba, tunda makaranta ba ta jira. Jinkirin awa ɗaya a faɗuwar rana yana cinye kusan rabin awa na barcin yaro, kuma abin yana bayyana a makin jarrabawa da yawan shekarun da yaro zai yi yana karatu. Gidajen masu hali sukan san yadda suka rufe giɓin. 'Ya'yan talakawa ne abin ke kayarwa. Agogo dai shi ne mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da ke cin barcin ɗalibi a Kabi. Na fara da shi ne don a gane tun da wuri cewa ba kowane gyangyaɗi a aji ne lalaci ba.

Awa nawa ake nema, awa nawa ake samu

A 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'aunin da likitocin yara da yawa ke aiki da shi yau: ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana ɗaya, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. A ɗora wannan ma'auni a kan yinin yarinyar da ke ajin ƙarshe na sakandare a unguwar Badariya ko Rafin Atiku a Birnin Kebbi. Da kiran asalatu ake tashinta. Shara, wanke-wanke, ɗiban ruwa idan famfo ya ƙi, shirya ƙanne. Ta tafi boko, ta taso wajen ƙarfe biyu. Idan shekarar WAEC ce a ƙara mata lesin har la'asar ta kawo jiki. Daga nan Islamiyya har kusan magariba. A unguwanni da yawa akwai makarantar dare. Sai girki, sai jingar da malaman boko suka bayar, sai haddar da malamin Islamiyya zai karɓa gobe. In ta kwanta sha ɗaya ta tashi biyar, awa shida ta samu. Awa biyu ke nan ƙasa da mafi ƙarancin abin da ake nema, kuma daga Litinin zuwa Juma'a bashin ya zama awa goma, ya fi dare guda cur.

Babu ɗaya cikin waɗannan ayyuka da yake abin zargi. Inda gizo ke saƙar shi ne kowane mai iko da yarinyar yana yankar rabonsa ba tare da ya ga na sauran ba. Shugaban makaranta bai san ƙarfe nawa ake tashi daga makarantar dare ba, malamin Islamiyya bai san jinga nawa aka bayar a boko ba, Inna kuma tana ganin 'yarta na ƙoƙari, tana sa mata albarka. Barci ne kaɗai ba shi da mai tsaya masa a gidan.

Samari nasu daban ne. Wasannin zakarun Turai a lokacin hunturu ƙarfe tara na dare ake take su, a tashi kusan sha ɗaya, sannan a buɗe babin gardama a teburin mai shayi. Kamfanonin waya kuma sun sa datarsu mafi araha tsakanin tsakar dare da asuba, don haka yaron da ba shi da kuɗin datar rana dole ya jira kowa ya kwanta, ko fim zai sauke ko tsofaffin tambayoyin JAMB.

A garuruwan bakin fadama, irin su Ambursa da Zauro da Gulma da Alwasa da Augie, akwai wani nauyin kuma. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba 2015, ga injin casar Labana a birnin, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, shinkafar rani ta zama abin da gidaje da yawa ke dogaro da shi. Shinkafa kuwa ba ta san ranar makaranta ba. Injin ban-ruwa yana son mai gadi da dare. Idan ta fara ido, jan-baki da sassafe yake sauka, kuma yara ake turawa da gwangwani da majajjawa su kore shi. 'Ya'yan masunta da dare suke bin iyayensu ruwa. Girbin rani kuma yakan faɗo a Afrilu da Mayu, daidai lokacin manyan jarrabawa. Mai hankali ba zai ce a bar gona ta lalace ba, tunda da kuɗin shinkafar ake biyan kuɗin jarrabawar. Amma malamin da ya ga kai a kan benci a darasi na uku ya daka tsawa, “Kai, tashi ka wanko fuskarka!”, ya sani ruwan zai buɗe idon na ɗan lokaci ne kawai. Wanda aka sa tsallen kwaɗo kuwa, gajiya aka ƙara masa a kan gajiya.

Abin da ƙwaƙwalwa ke yi bayan an rufe littafi

Fiye da shekara ɗari ke nan da aka fara auna alaƙar barci da hadda. A 1924 masana biyu a Jami'ar Cornell, John Jenkins da Karl Dallenbach, suka riƙa ba ɗalibai biyu jerin gaɓoɓi goma marasa ma'ana su haddace, sannan a tambaye su bayan awa ɗaya, ko biyu, ko huɗu, ko takwas. Wani lokaci su yi waɗannan awanni a farke, wani lokaci a barci. Bayan awa takwas na barci ɗalibi yakan riƙe fiye da rabi. Bayan awa takwas a farke, da ƙyar yake tuna ɗaya cikin goman. Mutum biyu ba su isa hujja ba, kuma a wancan lokacin an ɗauka barci yana kare karatu ne kawai daga hayaniyar yini.

Sai a 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton, a Jami'ar Arizona, suka dasa siraran wayoyi a ƙwaƙwalwar ɓeraye, a wani sashe da ake kira hifokamfas. Suka ga ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke zagaya wani wuri da rana sun sake kunnuwa tare bayan ya yi barci. Ashe ƙwaƙwalwa bita take yi.

Wanda ya yi makarantar allo ba zai sha wuyar gane wannan ba. Allo ƙarami ne, ba ya ɗaukar izu guda. Almajiri ya rubuta, ya biya har karatun ya zauna a ka, sannan ya wanke ya sake rubutu. Hifokamfas shi ne allon: abin da aka koya da rana a kansa ake fara rubutawa. A cikin barci mai nauyi ake biya shi, ana mayar da shi sassan ƙwaƙwalwa inda zai daɗe, allon kuma ya sami fili. Wanda bai yi barci ba ya yi asara biyu: na jiya bai zauna ba, na yau kuma babu inda za a rubuta shi.

Duka asarorin an auna su. A shekarar 2000 Robert Stickgold da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka koya wa mutane wani aikin tantance siffofi da ido. Waɗanda suka yi barci a daren farko suka ci gaba da ƙwarewa kwanaki bayan haka ko ba su sake gwadawa ba. Waɗanda aka hana barci a daren farko, aka bar su suka rama dare biyu a jere, ba su nuna wani ci gaba ba. Daren farko shi ne daren. In ya wuce ya wuce. Hausawa sun ce ba a cin bashin barci, to a nan ko an biya bashin, karatun da ya zube ba ya dawowa. A 2007 kuma Matthew Walker da Seung-Schik Yoo suka hana wasu matasa barcin dare ɗaya, suka nuna musu hotuna suna cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Hifokamfas ɗinsu ya yi sanyi idan an gwada da na waɗanda suka kwana lafiya, kuma bayan kwana biyu hotunan da suka iya tunawa ba su kai na sauran ba.

Barcin dare ba iri ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Yana zagayawa ne kusan duk minti 90. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, barcin mafarki kuma, wanda ake dangantawa da daidaita zuciya da haɗa sabon ilimi da tsoho, ya fi yawa dab da asuba. Sannan ga wani abu da iyaye ke yawan yi wa mummunar fassara: Mary Carskadon ta Jami'ar Brown ta shafe shekaru tana nuna cewa da yaro ya balaga, sinadarin melatonin da ke kawo barci yakan jinkirta fitowa. Yaron da yake ɓingirewa bayan lisha yana ɗan shekara tara, a sha shida sai ka gan shi garau har sha ɗaya. Wani ɓangaren taurin kai ne da waya, wani ɓangaren kuwa halitta ce.

Zafi, sauro, da wutar tsakar dare

Ko yaro ya kwanta da wuri, samun barcin wani abu ne daban. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Birnin Kebbi da Argungu yakan haura digiri 40, kuma ɗakin bulo mai rufin kwano yana shan wannan zafi yini guda ya riƙa amayar da shi har tsakar dare. Jikin mutum sai zafinsa na ciki ya ɗan sauka barci ke kama shi sosai. A ɗakin da ya ƙi hucewa, juyi ake kwana yi. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda Kelton Minor na Jami'ar Copenhagen ya jagoranta, ya tattara bayanan barcin mutum fiye da 47,000 a ƙasashe 68. A daren da zafi ya wuce digiri 30 barci yakan ragu da kusan minti 14, kuma kowane digiri na ƙarin zafi ya fi cutar mazauna ƙasashe matalauta kusan ninki uku. A lura, mutanen da aka auna masu halin sayen agogon auna barci ne. Ɗan Gwadangaji da ke kwana da 'yan'uwansa shida a ɗaki ɗaya ba fanka bai shiga lissafin ba.

Sai a fito tsakar gida a shimfiɗa tabarma, a nan kuma a gamu da sauro. Da damina shi ke da gari, a bakin fadama kuwa ruwan noman rani ya sa ko da bazara ba ya tafiya hutu. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar, mafi yawa a duk Nijeriya, alhali matsakaicin ƙasa kashi 22 ne. A 2018 kashi 52 aka samu. Shi ya sa da aka tashi fara rigakafin R21 a Disamba 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Amma rigakafin na jarirai ne, maganin damina da ake rabawa gida-gida na ƙananan yara ne, gidan sauro kuma idan bai wadata ba uwa da jariri ake ba, kuma daidai ne a ba su. Ɗan makaranta shi ne ya faɗa tsakiya. Bincike a ƙasashen Afirka da dama ya sha nuna cewa 'yan shekarun makaranta ne suka fi kowa kwana ba gidan sauro. Ko wanda yake da shi, da zafi ya tsananta sai ya yaye, ya ce yana tare masa iska.

Ga kuma wutar lantarki, wadda takan zaɓi ƙarfe ɗaya na dare ta zo. Gida ya tashi gaba ɗaya: wannan guga, wannan cajin waya, wannan tara ruwa, ɗalibi kuma ya jawo littafi tunda ga haske. Babu wanda zai ga laifinsu.

A makarantun kwana akwai abin da ya fi zafi da sauro. Tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yuni 2021, da harin da aka kai makarantar 'yan mata ta Maga kafin asuba a Nuwamba 2025, yarinyar da ke ɗakin kwana ko'ina a jihar tana kwanciya da kunne ɗaya a buɗe. Wannan ba a gyara shi da jadawali.

Kwanan aji

JAMB takan zo a Afrilu, WAEC a Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya. Wato jarrabawar da za ta yanke makomar yaro tana zuwa ne a watannin da barci ya fi wuya a wannan yanki, kuma a lokacin ne yaron da kansa ke ƙara rage shi. A manyan makarantu abin ya zama al'ada mai daraja. Ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ko jami'ar jiha da ke Aliero, mako biyu kafin jarrabawa za ka ga ɗalibai da sallaya da tocila sun nufi aji bayan lisha, ba su da niyyar fitowa sai an kira salla. Wani ya sha Nescafé baƙi, wani ya tauna goro, wani lemon ƙara kuzari, wani har ƙafa yake tsomawa a bokitin ruwa. Da safe a yi ta alfahari: “Wallahi jiya ban runtsa ba.”

Kofi da goro ba sa biyan barci, ɓoye gajiya suke yi. Rabin sinadarin kafeyin da aka sha a cikinsu yana nan a jini bayan kamar awa biyar, kuma wani gwaji na 2013 ya nuna mai yawa daga cikinsa, ko awa shida kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da fiye da awa guda. Wanda ya sha don ya raba dare yau, ya ɓata daren gobe ma.

Sakamakon da ya kamata a manna a ƙofar kowane ajin dare ya fito ne daga jami'ar MIT a 2019. An ɗaura wa ɗalibai ɗari na ajin kemistiri agogon Fitbit zango guda. Yawan barci, da kyansa, da tsayuwarsa a kan lokaci ɗaya, su ukun sun bayyana kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin maki tsakanin ɗaliban. Abin mamakin shi ne barcin daren jajibirin jarrabawa bai nuna wata alaƙa da maki ba. Barcin makon da ya gabata da na watan da ya gabata su ne suka yi tasiri, wato dararen da ake koyon abin. Wani binciken na 2023, kan ɗaliban shekarar farko fiye da 600 a jami'o'in Amurka uku, ya sami raguwar 0.07 a GPA kan kowace awa ɗaya da ɗalibi ya rasa a matsakaicin barcinsa na farkon zango, kuma abin ya fi muni ga masu barci ƙasa da awa shida. Adadin kamar ba komai ba ne, sai ga wanda ya tsaya a bakin iyakar daraja ta biyu mai girma da ƙarama.

Hukumomin jarrabawa ma suna da nasu kason. A 2025 an yi ta cece-kuce kan umarnin JAMB cewa 'yan zaman farko su isa cibiya ƙarfe 6:30 na safe, hukumar ta ce tantancewa ce, jarrabawar sai takwas. Yaron da zai taso daga ƙauye zuwa cibiyar kwamfuta a Birnin Kebbi, ƙarfe nawa zai tashi, kuma wane barci ya yi da fargabar makara? A ranar 28 ga Mayu na shekarar kuma takardar Turanci ta WAEC ta yi jinkiri har ɗalibai a jihohi da dama suka rubuta ta cikin dare da tocila.

Wani zai ce ai raba dare don ilimi gadonmu ne. Gaskiya ne. Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Gwandu da Kabi, yana yabon ɗalibin da ke raya dare, kuma tarihin malaman jihadi cike yake da irin wannan himma. Amma a duba tsarin tsangaya da kyau. Ana karatu da dare a hasken wuta, a kwanta, a tashi da asuba a maimaita kafin a wanke allo: karatu, barci, bita, daidai jerin da masu binciken ƙwaƙwalwa ke ba da shawara yau. Akwai hutun Alhamis da Juma'a. Kuma malamin da ya tashi tsakar dare yana da kailularsa da rana, ba mai taɓa masa ita. Hadisai ingantattu sun nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan lisha, kuma ya umarci mai gyangyaɗi a salla ya je ya kwanta har barcin ya sake shi. Mu mun ɗauki raba daren, mun yar da abin da ke riƙe da shi.

Kailula

A Amurka maganin da aka fi tallatawa shi ne jinkirta buɗe makaranta. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta nemi haka a 2014: kada sakandare ta fara kafin 8:30. Birnin Seattle ya gwada a 2016, ya matsar da lokacin daga 7:50 zuwa 8:45. Ɗalibai suka sami ƙarin barcin minti 34, maki ya ƙaru da kashi 4.5 cikin ɗari. Jihar Kalifoniya ta mai da shi doka, ta fara aiki a 2022. A hunturun Kabi wannan zai yi amfani, rabin awa a Disamba da Janairu ba zai kashe kowa ba. Amma a Afrilu, wanda ya jinkirta shiga ya jinkirta tashi, ya zaunar da yara saba'in ƙarƙashin kwano da ƙarfe uku na rana. Maganin Seattle ba zai zauna a Argungu yadda yake ba.

Binciken da ya fi kama da halinmu an yi shi ne a Chennai ta Indiya, aka buga a 2021. Masana tattalin arziki suka bi talakawa ma'aikata 452. Sukan yi awa takwas a kwance amma barcin awa biyar da rabi kawai suke samu, suna farkawa kusan sau 30 a dare saboda zafi da sauro da hayaniya da cunkoso. Aka ba wasu katifa da matashi da fanka da abin toshe kunne, aka yi musu nasiha, wasu har da ladan kuɗi. Barcinsu na dare ya ƙaru da minti 27, amma aikinsu da tunaninsu ba su canza ba, domin ƙarin barcin ma yankakke ne. Waɗanda aka ba rabin awa su kwanta da rana a wuri mai shiru kuwa, hankalinsu ya ƙara tattaruwa, ransu ya ƙara daɗi, aikinsu a kowace awa ya ƙaru. A Singafo ma, ƙungiyar Michael Chee ta gwada matasa 'yan 15 zuwa 19 da awa shida da rabi: wasu a dunƙule da dare, wasu awa biyar da dare da awa ɗaya da rabi da rana. Masu barcin rana suka fi kuzari da riƙe karatu, ko da yake duka biyun ba su kamo masu awa tara ba. Kailula ba ta maye gurbin dare, amma tana rage ɓarna, kuma ita ce kaɗai a cikin duk wannan da ba ta bukatar sisin kwabo daga kasafin kuɗi.

Muna da ita tun asali. Jadawalin makarantun kwana na da, irin wanda tsofaffin ɗaliban Kwalejin Kanta da Kwalejin Nagari suka taso a kai, yana da lokacin kwanciyar rana bayan abinci, da lokacin kashe fitila da dare. Abin da ke cinye ta yau a makarantun jeka-ka-dawo shi ne lesin, wanda iyaye ke biya da guminsu don yaro ya ci WAEC, a sa shi daidai awannin da ƙwaƙwalwa ta fi mutuwa. Rabin awa zuwa awa ɗaya tsakanin azahar da la'asar ya isa. Bayan la'asar kuwa kakanninmu sun hana, likitoci ma sun hana, don yana korar barcin dare.

A ƙarshen Fabrairu 2025 Kebbi, tare da Bauchi da Katsina da Kano, ta rufe makarantu saboda azumi har farkon Afrilu. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da wasu masana suka yi suka kan asarar makonnin karatu, masu goyon baya suka kawo hujjar zafi da ƙishirwa. A ganina duka ɓangarorin sun tsallake abin da ya fi wahalar da ɗalibi a azumi, wato daren da aka daddatsa tsakanin asham da tahajjud da sahur; da an yi maganarsa, da wataƙila an tsaya a gajarta yini maimakon rufewa ɗungurungum. Azumi dai yana ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, nan gaba kaɗan zai koma tsakiyar sanyi. Afrilu da Mayu kuwa suna nan inda suke, da zafinsu da girbin shinkafarsu da jadawalin JAMB da WAEC. Ma'aikatar ilimi ta jiha ta nuna a 2025 cewa takarda ɗaya ta ishe ta sauya kalanda. Irin wannan takarda za ta iya cewa: daga Maris zuwa Mayu a tashi ƙarfe ɗaya, ba lesin kafin la'asar, lissafi da kimiyya a darussan safe, a Disamba da Janairu a shiga takwas da rabi, kowane gadon makarantar kwana ya sami gidan sauro a ranar dawowa hutu, kuma shugabannin boko da na Islamiyya na kowace unguwa su zauna sau ɗaya a zango, su jera jadawalinsu a tabarma ɗaya, su ƙirga awannin da suka rage wa yaron tsakanin lisha da asalatu.